Yadda za ka yi hulɗa da ma'aikacin kamfanin gwamnatin Chaina ba tare da ka jefa shi cikin masifa ba

Wannan rubutun na 'yan uwanmu ne masu kai yashi da dutse da gas, masu ƙananan kwangiloli, tafintoci, direbobi da duk wanda abincinsa ya haɗa shi da kamfanonin gwamnatin Chaina, irinsu CCECC da suka yi layin dogon Abuja zuwa Kaduna wanda aka buɗe a 2016, ko Sinohydro na dam ɗin Zungeru, ko CNPC da ke haƙar mai a Agadem kuma suke da babban kaso a matatar SORAZ ta Damagaram. Da yawanmu mun ji ana cewa 'yan Chaina ba a aiki da su sai da sanayya, abin da su suke kira guanxi, sai mutum ya ɗauka ai shikenan abin da muka saba ne, ka kai ɗan wani abu a buɗe maka ƙofa. Wannan fahimtar tana kashe wa mutane kasuwa, kuma abin da ya fi damuna tana iya kai wanda ya yarda da kai gidan yari a ƙasarsu kai kana nan kana barcinka.

Fara da sanin waye a gabanka

Ba duk ɗan Chainan da ka gani a sansanin aiki ba ne ma'aikacin gwamnati. Akwai wanda hedkwata ta turo, ma'aikacin dindindin ne, fayil ɗinsa na can gida, ƙarin girmansa da fanshonsa duk suna hannun kamfanin, galibi manya daga cikinsu 'yan jam'iyyar kwaminis ne. Akwai kuma wanda wani ƙaramin ɗan kwangila ya kwaso daga ƙauyensu don aikin ƙarfe ko kafinta, wannan shi kwanakinsa yake ƙirgawa ya koma. Na farkon shi nake magana a kai, domin shi ne mai sa hannu, kuma shi ne wanda igiyoyi suka ɗaure ta ko'ina.

Manyan kamfanonin nan wata hukuma ce mai suna SASAC ke riƙe da su a madadin gwamnati tun 2003, kuma a cikin kowanne akwai kwamitin jam'iyya da ɓangaren ladabtarwa mai bin diddigin ma'aikata. A dokar laifuka ta ƙasar, wanda ke riƙe da muƙami a kamfanin gwamnati ana yi masa hukuncin cin hanci irin na jami'in gwamnati ne, wanda ya fi na ma'aikacin kamfani mai zaman kansa tsanani nesa ba kusa ba. Tun 2018 da aka kafa hukumar sa ido ta ƙasa, ana iya tsare irin wannan manajan watanni ana bincikensa ba tare da ya ga lauya ba. To kaga mutumin da kake kallo yana shan shayi a kwantena cikin rana, wannan tsoron yana cikin kansa kullum ko bai faɗa maka ba.

Amma a ɗaya gefen akwai mutanensa. Ka yi ƙoƙari a hankali ka gane su waye, ba ta hanyar tambayar ƙwaƙwaf ba, ta hanyar lura. Wa ya ɗauko shi aiki, wa ya koya masa sana'a yana sabon injiniya, da wa suka yi jami'a, su waye 'yan lardinsu. Kamfanin CRCC wanda shi ne uwar CCECC asalinsa rundunar sojojin gina layin dogo ce da aka mayar ta farar hula a 1984, kuma irin wannan tarihin yana barin al'adar maigida da yaro mai ƙarfi ƙwarai, wanda ya ɗaga ka ba ka juya masa baya. Idan ka ga an yanke wani hukunci da bai yi maka kama da hankali ba, kafin ka ce mugunta ce ko wariya, duba ko akwai wani tsohon maigida ko ɗan garinsu a ƙarshen zaren.

Alheri a wurinsu bashi ne, kuma ana rubutawa

Abin ya yi kama da gudummawar biki a wurin iyayenmu mata, wadda ta kawo miki a bikin 'yarki sai kin mayar mata da abin da ya fi in nata ya tashi, in ba ki yi ba kin zubar da mutuncinki. Haka suke, har littafi ake ajiyewa a wurin biki ana rubuta sunan kowa da abin da ya saka a jar ambulan. Mutumin da ya karɓi alheri bai rama ba ana ganinsa marar mutunci, don haka idan ka ba manaja babbar kyauta ka ɗora masa nauyi ne, kuma ba shi da abin da zai biya ka da shi sai abin da ke hannunsa wato sa hannun kamfani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Nan ne ainihin inda sanayya ke lanƙwasa gaskiyar ma'aikaci, ba wai ya tashi da safe ya ce yau zan ci hanci ba, a'a, yana ji ne a ransa cewa ƙin taimakonka butulci ne, kuma a tarbiyyar da ya tashi da ita butulci ya fi karya dokar ofis muni.

Ka duba shari'ar Zhou Yongkang, wanda ya taɓa shugabantar CNPC kafin ya kai ƙololuwar jam'iyya, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2015. Daga cikin kuɗin da kotu ta lissafa, kusan yuan (kuɗin Chaina) miliyan 130, mafi yawa matarsa da ɗansa ne suka karɓa suka gaya masa daga baya. Kuma an same shi da laifin umartar Jiang Jiemin, shugaban CNPC na lokacin, ya taimaka wa harkokin kasuwancin ɗansa da makusantansa. Shi Jiang ɗin an ɗaga shi ya zama shugaban SASAC gaba ɗaya a 2013, watanni kaɗan aka kama shi, ya samu shekara 16. Yuan Renguo na kamfanin giyar Moutai, wanda shi ma na gwamnati ne, ya samu ɗaurin rai da rai a 2021 kan raba lasisin dillanci, iyalinsa na cikin waɗanda suka ci moriyar. Lai Xiaomin na Huarong, wani kamfanin kuɗi na gwamnati, kuwa kashe shi aka yi a Janairun 2021 kan kuɗi da suka haura yuan biliyan 1.7. Duk ma'aikacin da kake hulɗa da shi ya san labaran nan, ana nuna musu irinsu a taron gargaɗi na kamfani.

Maganar kyauta

Ban ce kar ka yi kyauta ba, mutumin da bai taɓa miƙa komai ba shi ma baƙo ne har abada. Amma ka kiyaye abubuwa. Kar ka ba da tsabar kuɗi, ko katin sayayya, ko waya mai tsada, ko zinare wai na madam. Kar ka bi ta wurin matarsa ko ɗansa, domin wannan hanyar ita ce masu bincike suka fi sani. Kar ka kai komai ana gab da buɗe tandar kwangila ko ana jiran ya sa hannu a takardar biyanka, lokacin kaɗai ya isa ya mayar da kwalin kilishi cin hanci. A fassarar da kotun ƙoli da ofishin babban mai gabatar da ƙara suka fitar a 2016, yuan dubu 30 ya isa a buɗe wa mutum shari'ar cin hanci, kuma dokar ladabtarwa ta jam'iyya ba ta jiran a kai wannan adadin, duk kyautar da za ta iya shafar aikinsa laifi ce. Tun bayan ƙa'idoji takwas da jam'iyya ta kafa don rage almubazzarancin jami'ai a Disamban 2012 har kek ɗin bikin tsakiyar kaka da liyafar alfarma an sa musu ido.

Abin da ya fi lafiya shi ne abin da za a ci tare a gaban kowa. Da Sallah ka kai nama kicin ɗin sansanin gaba ɗaya, ka ce na kowa ne. Lokacin sabuwar shekararsu wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, mutanen nan suna cikin kewar gida sosai saboda shi ne lokacin da kowa ke komawa wurin iyayensa, ka je ka gaishe su, ka kai lemo da ayaba ko kankana. Ɗansa na gida ya ci jarabawar shiga jami'a, ka taya shi murna da baki, wallahi wannan ya fi masa agogon hannu daɗi kuma ba zai hana shi barci ba. In ka miƙa abu ya ƙi sau ɗaya ko biyu yana murmushi, al'ada ce, ka sake miƙawa. In kuwa fuskarsa ta canza ya waiga ya ce kamfani bai yarda ba, ka janye nan take kar ka nace, kar kuma ka ajiye masa a mota ka gudu, domin ka bar shi da zaɓi biyu ne, ya kai rahoton kansa ko ya ɓoye.

Zama cin abinci kuwa ka amsa gayyata in an yi maka, a nan ake sanin juna. Ka faɗa tun farko cewa kai Musulmi ne ba ka shan giya ba ka cin alade, sun san wannan sarai, suna da Musulmi miliyoyi a ƙasarsu da gidajen abincin halal a kowane gari, za ka iya ɗaga kofin shayi in ana gaisawa da kofuna. Kar ka kawo maganar kwangila a kan tebur sai in shi ya taɓo ta.

Ka roƙi abin da zai iya ba ka

Wannan shi ne zuciyar maganar. Sanayya tana da amfani na halal mai yawa kuma mutane suna tsallake shi suna rugawa wurin na haram. Abokinka zai iya gaya maka takardun da ake buƙata kafin a yi maka rajistar mai kawo kaya, zai iya nuna maka dalilin da ya sa aka ƙi dutsenka a gwaji don ka gyara, zai iya haɗa ka da mai kula da sayayya ya ce wannan na san shi ba ya ƙarya, zai iya tuna wa akanta cewa takardarka ta daɗe a kan tebur. Duk waɗannan ba su taɓa amanarsa ba. Abin da ba za ka roƙa ba shi ne farashin da abokan takararka suka saka, ko ya sa hannu cewa ka kawo tifa hamsin alhali arba'in ka kawo, ko ya karɓi aikin da bai kai ba. Ranar da ka roƙi irin wannan ka saka shi gaba kura baya sayaki, in ya ƙi ya ji ya ci amanar abota, in ya yarda ya sa wuyansa a igiya, kuma ko wanne ya zaɓa daga ranar zai fara gudunka.

Sannan ka roƙa a keɓe, kuma ka bar masa ƙofar fita. Ka ce masa in akwai wahala ka bari ba komai. Ba su cika cewa a'a kai tsaye ba, sai ka ji ya ce zai duba, ko zai tambayi shugabanni, ko abin ba shi da sauƙi yanzu. In ka ji haka sau biyu to an ba ka amsa, kar ka tsare shi a gaban yaransa kana cewa ai ka yi mini alkawari. Kuma maganar tambayar shugabanni ba kullum dabara ba ce, a ƙa'idarsu manyan hukunce-hukunce da naɗin muƙamai da manyan ayyuka da kashe kuɗi masu yawa sai an zauna a kwamiti, mutum ɗaya ba ya yankewa.

In shi ne ya roƙe ka

Wannan ma yana faruwa, kar mu yi kamar duk waliyyai ne. Zai iya cewa ka ƙara wani abu a kan risit ka dawo masa da bambancin, ko ka raba aikin da wani kamfani na abokinsa wanda ba zai ɗaga ko shebur ba. Wani lokacin ma ba don kansa yake yi ba, wani na sama ne ya ce a duba masa yaronsa shi kuma ba ya iya musu. Ka ƙi, amma kar ka ƙi da wa'azi ko tsawa. Ka ɗora wa doka, ka ce akantanka ba zai yarda ba, asusunka banki na gani, EFCC da ICPC suna bin irin waɗannan takardun, kuma addininka bai ba ka dama ba. Sau da yawa ka taimake shi ne ma, domin ka ba shi abin da zai koma ya faɗa wa wanda ya aiko shi ba tare da ya zama shi ne ya ƙi ba. Kar ka manta risit ɗin ƙarya sunanka ne a jiki, kuma daga Maris 2024 dokar Chaina ta ƙara tsananta hukuncin mai bayarwa ba mai karɓa kaɗai ba, in kana zuwa Guangzhou ko Yiwu sayayya wannan ya shafe ka kai tsaye.

Haka nan masu shiga tsakani. Duk wanda ya ce maka ya san babbansu a Beijing kawo kaso goma ya wuce maka gaba, ka yi nesa da shi. Tun 2009 dokarsu ta mayar da cin kuɗi da sunan kusanci da jami'i laifi mai zaman kansa, tun 2011 kuma ta haramta wa 'yan ƙasar ba jami'an wata ƙasa hanci. Maƙwabtanmu na Chadi sun ga irin wannan, Patrick Ho da ke yi wa kamfanin makamashi na CEFC aiki, wanda ba na gwamnati ba ne, an gabatar da shaida a kotun New York cewa an kai wa shugaba Idriss Déby dala miliyan 2 a cikin kwalayen kyauta a 2014, shugaban ya ƙi karɓa, shi kuma Ho aka same shi da laifi a 2018.

Lokacin da sanayyarsu ta juya maka baya

Za ka ga ka fi araha, kayanka sun fi kyau, amma an ba wani ɗan lardinsu da ke da ƙaramin kamfani a Legas ko Yamai. Abin da zafi, kuma wani lokacin zalunci ne tsagwaronsa. Amma ka gane lissafin manajan, in ɗan garinsu ya gaza yana da hanyar kama shi, ya san gidansu, ya san wanda zai kira, kai kuwa in ka ɓace da kuɗin somin aiki shi za a tuhuma har ƙarshen aikinsa. Maganin wannan shi ne ka karɓi ƙaramin aiki ka yi shi a kan lokaci, ka sake yi, ka bar tarihin da zai iya nuna wa na sama da shi. In an danne maka haƙƙi ka fara da magana a keɓe, sai wasiƙa a rubuce zuwa ga manajan aikin, sai babban ofishinsu na ƙasar, kar ka fara da Facebook domin da zarar ka kunyata shi a fili duk mutanensa za su haɗe kai ko da sun san kai ne mai gaskiya. In aikin da kuɗin Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ake yi, suna da ofisoshin karɓar ƙorafi kuma kamfanonin na shakkarsu, Bankin Duniya ya taɓa hana CRBC, kamfanin gwamnatin Chaina mai gina hanyoyi da gadoji, daga baya har uwar kamfanin CCCC, shiga ayyukan hanyoyinsa daga 2009 zuwa 2017 saboda wani aiki a Filifin. Su ma a can suna da layin kai ƙara na hukumar ladabtarwa, 12388.

Akwai wuri ɗaya da ni dai ba na goyon bayan lallaɓawa, shi ne inda rai ke ciki. Ƙaramin injiniya zai iya ganin an rage rodi ko siminti bai kai ba ya yi shiru, saboda wanda ya ba da umarnin shi ne ya koya masa aiki, tona shi kamar tona uba ne a wurinsa. Kai da kake tafinta ko fomen kar ka shiga wannan shirun. Ka fara ba su hanyar gyarawa ba tare da an kama sunan kowa ba, ka ce injiniyan gwamnati mai duba aiki zai gani gara a gyara tun yanzu, ka ɗauki hoto da kwanan wata. In sun gyara shikenan. In sun ƙi ka kai wa mai duba aikin, domin gadar nan 'yan uwanka ne za su bi ta kai bayan kamfanin ya naɗe kayansa.

Sai abu na ƙarshe da mutane ke mantawa, ana yi musu canjin wurin aiki. Bayan 'yan shekaru abokinka zai koma gida ko a tura shi Habasha ko Angola, sabon da zai zo bai san ka ba kuma yana da nasa mutanen, wani lokacin ma tawagar bincike ce za ta biyo baya tana buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Don haka komai daɗin da ke tsakaninku, duk ƙarin aikin da ya ce ka yi da baki ka nemi a rubuta a buga hatimin kamfani, domin a tsarinsu jan hatimin nan ya fi sa hannun mutum ƙarfi, duk tifar da ka sauke ka karɓi takardarta, biya kuma ya bi ta asusun kamfaninka ba hannu da hannu ba. Kafin ya tafi ka roƙe shi ya gabatar da kai ga magajinsa a zaune, ku ukun, a karanta abin da kamfani ke binka da abin da kake binsu a sa hannu, sannan ka riƙe lambarsa ta WeChat, manhajar hirar da suke amfani da ita, ka riƙa gaishe shi duk sabuwar shekara.